Garin Feshin Shinkafa a Kofin Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma ƙarar Baba na kawo, kuma duk Haɗeja ban ga wanda zan kai wa ita ba in ba ke ba.

Kin san gwiwoyinsa. Tun kina nan suke ƙara in zai tashi daga sujada, kina tsokanarsa, "Malam, ai tun daga zaure aka ji ka idar." Bana abin ya yi tsanani. Dashen shinkafar rani a fadama ya ƙarasa su, har ya kai sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Na ce ya riƙa salla a kan kujera. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce goshinsa bai gaji da ƙasa ba tukuna.

To, a majalisarsu ta ƙofar masallaci wani ya kunna musu saƙon murya a waya, wai akwai sinadari mai suna boron da ke gyara ƙashi da gaɓoɓi. Sauran dattawan suka ji suka wuce. Mijinki kuwa ya san sunan. Yana da garinsa a ɗakin ajiya, fari fat, wanda yake zubawa a tankin feshi in shinkafa ta kusa fitar da kai. Sai ya yanke wa kansa hukunci, bai tambayi kowa ba, alhali ni 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce.

Ke ba ki taɓa jin sunan abin ba, don haka bari in faɗa miki abin da na sani. Boron a ƙasa yake, tsiro ke jawo shi, mu kuma mu samu ɗan kaɗan a wake da gyaɗa da dabino da ganye. Wato shekara da shekaru kina ba mu shi a faten wake ba ki sani ba. Ana sayar da ƙwayarsa a kemis, ana cewa tana taimaka wa ƙashi da ciwon gaɓoɓi, amma masu bincike ba su gama tabbatar da hakan ba. Yawancin ƙwayoyin miligiram uku ne. Iyakar da aka gindaya wa baligi mai lafiya miligiram ashirin ce a yini, duk da wanda ya ci a abinci. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, shi ya sa mai ciwon ƙoda ba ya taɓa shi sai likita ya ce. Haka mai ciki, haka yara. Garin gona kuwa ba na baki ba ne ko kaɗan, ba don cikin mutum aka haɗa shi ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi na je gida na tarar da shi kwance a tabarma. Kwana biyu yana amai da gudawa, fatarsa ta yi ja, tafin hannunsa yana saɓa. Ya ce ciwon shawara ne. Ina ɗaukar kofin silbansa na ga farin abu ya kwanta a gindi. Da na matsa masa sai ya ce, "Cikin murfin kwalba guda nake sa wa tanki. Ni ɗan bakin cokali kawai nake sa wa ruwan safe. Abin da ya tsayar da karan shinkafa ai zai tsayar da gwiwa." Ɗan bakin cokalin nan, Inna, ya ninka iyakar da na faɗa miki sau da yawa, kuma ya fi mako yana sha.

Na yi masa faɗa. Ki yafe mini, na san ba haka kika rene ni ba. Amma a lokacin ba Baba nake gani ba, ke nake gani. Ƙafafunki da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da jigilar wankin ƙoda, da yadda ake auna miki ruwan sha a ƙaramin kofi kina cewa, "Ga kogi a bayan gari, ni kuwa ana ba ni ruwa da awo." A yankin nan namu kusan kowace unguwa ta san wannan ciwon. Tsoro ne ya ɗaga mini murya.

Na sa shi a a-daidaita muka tafi asibiti, na tafi da ledar garin don likita ya gani da idonsa. Aka ɗaura masa ruwa, aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna ƙodar ta jigata, amma ba ta kai inda taki ta kai ba. An ce ya daina abin nan take, kada ya sha ko maganin ciwon jiki sai an rubuta masa, a kuma sake gwaji bayan wata guda. An sake, kuma alhamdu lillahi ta fara dawowa daidai. Likita ya ce ko ƙwayar kemis ɗin ma kada ya kusance ta. Gwiwa kuwa an ba shi abin shafawa da motsa jiki, an gaya masa gaskiya cewa ba za ta koma ta saurayi ba.

Garin na mayar da shi ɗakin ajiya, sama da inda jikoki za su kai, na rubuta a jiki da ajami yadda zai karanta: na gona ne. Na san wasu za su ga wasiƙar nan, kuma a gidaje da yawa akwai irin ledar a bayan buhunan taki.

Kwanaki bai yi mini magana sosai ba. Kin san shi da fushi marar hayaniya. Ni kuwa na yi ta kai masa faten wake da gyaɗa, ina ajiye masa.

Jiya da la'asar ina tsakar gida ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma, ya daɗe a tsaye yana kallonta. Sai ya kira ni ba tare da ya juyo ba. Ya ce, "Hajara, kujerar nan ta uwarki tana nan?"

Tana nan, Inna. Farar robar da kika yi sallolinki na ƙarshe a kai, wadda ya hana kowa zama tun ranar da aka fita da ke. Na goge ta na kawo. Ya zauna, ya gyara ta ta fuskanci gabas, ya ce, "Ita da ta fi ni tsoron Allah a nan ta yi tata." Ya ta da kabbara. Ni kuwa na shige kicin na yi kukana.

Na yi kewarki ƙwarai. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya shayar da ke ruwan Alkausara ba tare da awo ba. Ya bar mana Baba da lafiyar ƙodarsa, Ya karɓi sallarsa a zaune kamar yadda Ya karɓa a tsaye. Amin.

Taki har kullum,
Hajara