Tiren Inna da Jawabin Depite

Zuwa ga Mai Girma Depite, Yayana Mamman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kujerarka. Na rubuto nan inda kowa zai karanta ne saboda wayarka ta daina gane lambar Libiya.

Mun ga jawabinka na majalisa. A shagona na unguwar Mahdiya, nan Sabha, muka kalla, ni da 'yan garinmu masu aikin gini, ina fassara musu. Kwat ɗin ta yi maka kyau, Faransancin kuma ba gargada. Ka ce mata masu talla a tire su ne ramin da arzikin ƙasa ke zurarewa, ba su biyan lanho, wato haraji, a riƙa yanka wa kowace tikiti kullum, wadda ta ƙi a kwashe kayanta. Aka tafa maka. Daga nan na daina fassara, na ce musu sabis ne ya ɗauke.

Ka san abin da kake faɗi, wannan ban musa ba. Wa ya fi ka sani? Kai Inna ke tsayarwa bakin kasuwa, in ka hango mai tikiti ka yi fito sau biyu, ta rufe ƙuli-ƙulin da zane, ta zauna kamar mai jiran mota. Abin da fiton nan ya tsirar shi ya saya maka littattafan da ka koyi wannan Faransancin. Ni aka ce kaina na kasuwa ne.

Ba a ma kaɗa wa dokar ƙuri'a ba, 'yan tikiti sun fara. Ranar Laraba suka ɗauke tiren Inna a inda take zama tun kafin a haife ni. Ɗayansu ya ce mata, "Hajiya, ɗanki ne ya ce." Ta kira ni tana huci: "Ƙarya suke masa, Sanda. Da nasaranci ya yi magana, suka juya masa ita."

Kada ka ce kana aika mata shinkafa. Ba yunwa ke kai ta kasuwa ba. Can ƙawayenta suke, can ake gaishe ta.

Yaya, ban manta kai ka goyo ni daga kasuwar nan har gida ranar da kwalba ta yanke ni ba, kana kuka fiye da ni. Shi ya sa ban tura wa Inna jawabinka ba tukuna. Na juya jawabin kaf zuwa Hausa, na naɗa da muryata, ko ramin ban rage ba. Yana cikin wayata.

Alhamis kuke ƙuri'a. Ka miƙe ka janye maganar tire, in goge. In kuwa ka ɗaga wa dokar hannu, Inna za ta saurara kafin la'asar. Sau biyu za a kunna mata, ka san kunnenta ya yi nauyi.

Allah ya ƙara maka girma, ya bar wa Inna sauran jinta, ya ba ka ƙafar zuwa gaishe ta ranar Juma'a.

Ƙaninka mai kan kasuwa,
Sanda, Mahdiya, Sabha