Kamshaf Ɗin da Ka Zaɓa, Baban Rahila

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk garin da kake. Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na bar ta a fili, ko wani da ya san ka zai karanta maka. Mu nan Zuru muna nan da rai.

Tun da ka ajiye aikin soja ka dawo gida, magana ta yi maka wuya. Abin da ka gani a ƙasar da aka tura ku ba ka taɓa faɗa mini ba. Wuri ɗaya nake ganin fuskarka a sake: gindin mangwaron ƙofar gida, kanka cikin injin tsohuwar motar nan taka, fijo. Da ita kake kai 'yan kasuwa Ribah da Dirin Daji, da ita muke ci. Asabar ɗin rani kuwa, kai da abokanka tsofaffin sojoji sai ku nufi fakon bayan gari ku yi ta tseren mota.

Shekarar da wayar hannu ta shigo garin nan, Chidi mai sayar da kayan mota ya dawo daga Anacha da kamshaf biyu. Ka shimfiɗa su a kan buhu, ka kira ni daga madafa. Sandunan ƙarfe ne masu tudu-tudu. Ka ce su ke buɗe wa inji hanyar numfashi, su rufe. Na farko tudunsa madaidaici ne, zai ƙara wa mota gudu kaɗan, ya bar ta da hankalinta a kan hanya. Na biyu tudunsa dogo ne, ba ya farkawa sai an taka mota sosai, amma idan ya farka babu mai kamo ta.

Ina tsaye Chidi ya ce, "Oga Sajan, wannan dogon na fili ne, ba na ɗaukar mutane ba. Idan kana tafiya a hankali zai riƙa kashe maka inji, birki kuma ya yi tauri."

Bawa, amininka tun kuna kurata, yana zaune a kan babur ɗinsa. Shi ma ya ce, "Mota ɗaya gare ka, Sajan. Ɗauki na farkon, ka bar mu mu riƙa cin ka a fili, ba mutuwa za ka yi ba."

Ka daɗe kana shafa dogon da babban yatsa. Abin da ka ce kawai shi ne, "Ƙafata ta san birki."

Daga ranar da ka ɗaura dogon motar ta canza hali. Idan ta tsaya sai ta kama rawar jiki kamar mai masassara, fasinjoji suna ta yi maka tsiya. Amma a fako ka bar kowa a baya. Ka shigo gida kana dariya, ka ɗaga ɗiyarmu Rahila sama duk da girmanta. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin a tura ku.

Sai ranar kasuwar Ribah. Ka cika mota da mutane da buhunan dawa, kana gangarowa cikin kasuwa a hankali, inji ya mutu. Waɗanda ke ciki sun ce da ƙafa biyu ka danne birki, har ka miƙe daga kujera, amma kamar dutse kake takawa. Ka kauce wa mata masu tallan gyaɗa, ka karkata bakin hanya. A nan Bawa yake tsaye, ya ba ka baya, yana ɗaure kaya a babur, motar ta buge shi. Kafin a isa asibiti ya cika a cinyarka.

Danginsa ba su nemi komai ba. Matarsa Saratu da kanta ta je gaban 'yan sanda ta ce, "Bawa ba zai yarda a ɗaure Sajan ba." Aka sallame ka. Ka tsaya a bakin kabari, ba ka yi kuka ba, ba ka buɗe baki a waƙa ba.

Bayan an watse zaman makoki ka kwance injin, ka zare kamshaf ɗin, ka naɗe shi a tsumma. Ka ce mini za ka Kontagora ka dawo. Har ruwan wanka na ajiye maka.

Wani direba ya ce ya gan ka a Legas kana wankin manyan motoci. Wani ya ce a Minna ne, kuma ka rame. Inna, mahaifiyarka, ta rasu daminar bara. Kullum da yamma sai ta sa an fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta fuskanci hanya. Ƙannenka ne suka binne ta. Motar tana nan a gindin mangwaro, tayoyin sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ni kuma ina tuyar masa a bakin tasha.

A coci benci ɗaya muke zama da Saratu. Ba ta taɓa yi mini kallon banza ba, ita ce ma ke tambaya ko an ji labarinka. Wani lokaci nakan ji kishinta, Allah ya gafarta mini, don ita ta san inda nata yake kwance.

Baban Rahila, yarinyarka ta girma. Wani malamin makaranta daga Dirin Daji ya turo magabatansa, mutanen kirki ne. Ƙannenka sun ce a sa rana, ita ta ƙi. Ta ce ba marainiya ba ce da za a ba da ita a bayan ubanta. Na lallashe ta, na yi faɗa, ba ta motsa ba. Taurin kanka ta ɗauko.

Ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Ka zo ko da rigar da ke jikinka ce kawai.

Ubangiji ya ba Bawa da Inna hutawa. Ya kiyaye ka inda kake, ya ba ka barci, ya sa ka iya ɗaga kai ka dubi mutane. Ya juyo da ƙafarka gida tun ina da idon da zan gane ka. Amin.

Matarka har yau,
Maman Rahila