Baƙon da Ka Bar Mini a Falo

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Sammani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Fanta da jikata Ni'ima. Allah Ya kare ku daga sanyin Kanada, Ya tsare muku sallarku a kan lokacinta, don ita na fi jiye muku tsoro. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, in na ɗago daga sujada sai na dafa bango. Yayarka Asabe tana leƙo ni daga Kwaciri in ta samu sarari, amma mai 'ya'ya biyar ba ta da zaman kirki, kafin shayi ya huce ta yafa mayafi. Na zaɓi in rubuto da hannuna ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ina farawa sai ka hau cewa to Inna, to Inna, idonka yana kan agogo. Takarda kuwa ba a katse ta.

Shekaranjiya Chidinma, mai shagon kifin ado ta Sabon Gari, ta yi mini sallama da bokiti da leda da 'yar koma a hannu. Ta ce kai ka aiko ta ta kwashe kifin nan da ka bar mini har da tankinsa, wai wani mai otal yana so, tunda ka fara nema mini takardun komawa wurinku. Na ba ta ruwa ta sha, na sallame ta da bokitinta yadda ta shigo da shi. Ba haka na tarbiyyantar da kai ba. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, balle uwa. A ce abin da ke cikin falona sai daga bakin maƙwabta zan ji an yanke masa hukunci!

Na san abin da za ka ce, cewa ni ce na fi kowa tsine wa kifin nan. Chidinma ma da ta ga na tsare ƙofar falo sai da ta yi dariya, da Hausarta da ta fi taka fita, ta ce yau Hajiyar da ta ce a tsoma shi a miyar kuka a huta ita ce ta zama lauyansa. Ban janye ko ɗaya ba. Har gobe ina cewa almubazzaranci ne mutum yana Kano, inda ko ƙanshin teku ba mu ji, ya dama gishiri a ruwa don kifin da ba a ci. Kuma har gobe bakina ba zai kira shi kifin mala'ika ba yadda kuke kiransa, don sunan mala'iku ba abin wasa ba ne. Baƙo na sa masa tun ranar farko, saboda an ce baƙo raɓa ne, na ɗauka kwana kaɗan zai yi. To ga shi baƙon ya zauna, ɗan gida ne ya zama raɓa.

Ko ka tuna ranar da ka kawo shi? Ni ban manta ba. Ka kashe fitilar tanki, ka ɗora ledar a kan ruwan ba tare da ka kwance ta ba, ka ce sai ɗumin ciki da na waje sun daidaita. Sannan ka juye shi a bokiti, ka jawo siririn tiyo daga tanki, ka ƙulle bakinsa yadda ruwa ba zai zubo ba sai ɗigo-ɗigo. Ka zauna a ƙasa kusa da dardumata tun bayan la'asar, in bokitin ya cika ka rage, ka sake zuba ido. Na yi ta faɗa, na ce ka juye shi kawai ka tashi ka nemi abin yi, ai ruwa ruwa ne. Ka ce mini ba haka ba ne, gishirin ruwan da ya baro daban, na nan daban, in aka jefa shi farat ɗaya ba zai nuna komai ba a ranar, amma ba zai kai mako ba. Kiran magariba ne ya tashe ka. Tun rasuwar mahaifinka ban ga ka zauna tare da ni tsawon haka ba, kuma daga ranar ba ka ƙara ba. Duk da wannan wahala sai da Baƙo ya ɓuya a bayan dutse kwana da kwanaki, ya ƙi cin komai.

Da ka tashi tafiya ka ce amana ce, shekara ɗaya tak. Ni ba na wasa da amana ko ta kaza ce. Na koyi cewa in ruwa ya ja baya saboda zafi, tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Na koyi duba ma'aunin gishirin da tabarona. Lokacin bazara, da garin nan ya zama tanda, ledojin ƙanƙara nake jera masa a kan ruwa, ni kuma ina shan na randa. In an ɗauke wuta, na yarda fankata ta tsaya don batirin sola ya riƙe masa injinsa. Ina maƙala masa busasshen ganyen teku a jikin gilashi, in daddatsa masa jatan lande ƙanana. Ba don ina son sa ba ne, don kada a tambaye ni ne ranar gobe.

Akwai abin da ka faɗa a waya da ya tsaya mini a rai. Da na juya maka wayar ka ga Baƙo, sai ka ce har ya rikiɗe haka, da a hanya kuka haɗu ba za ka gane shi ba. Gaskiya ne. Ka bar shi shuɗi mai duhu da zoben fari zagaye-zagaye, kamar rinin karofi. Yanzu ya zama mai ratsin rawaya da shuɗi, da baƙin kwalli a ido, ko a Kantin Kwari mahaifinka bai taɓa sayar da atamfa mai kyansa ba. A gabana zoben nan suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zan kira in nuna wa. Da ni aka juyo wa wayar ka dube ni da kyau, ban san me za ka ce ba. Ni'ima dai da aka ce ta gaishe ni, sai ta ɓuya a bayan uwarta.

Wani abu kuma da ba ka sani ba, yana magana. In na makara da abincinsa, ko na matsa masa dutse, sai ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. In Asabe ta shigo ɓuya yake yi, in ni ce sai ya taso bakin gilashi. Akwai ranakun da daga asuba har isha, ban da liman a lasifika, muryarsa kaɗai nake ji a gidan nan. Ban faɗa don ka ji tausayina ba, ni ba abar tausayi ba ce.

Chidinma ta gaya mini mai otal ɗin yana da wani irinsa a tankinsa, kuma kai ka fi ni sanin biyu ba sa zama wuri ɗaya sai ɗaya ya kashe ɗaya. Wa zai zaunar masa a gaban bokiti a can? Yaran otal juye shi za su yi su koma bakin aikinsu. Kuma kai da ka san wannan a kan kifi, ina mamakin yadda ka shirya ɗauke tsohuwa daga unguwar da aka kawo ta tana amarya, a sa ta a jirgi, a juye ta cikin ƙanƙara, duk ta waya.

Saboda haka ga maganata. Baƙo ba zai bar gidan nan a hannun ɗan aike ba, ni ma haka. In tashinmu kake so, ka zo da ƙafarka, ka taho mini da Ni'ima ta saba da fuskata, ka zauna a falon nan har a kira magariba, sannan mu yi maganar tafiya.

Ka gaishe da Fanta, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, yana yi mini aiki. Ka shafa mini kan Ni'ima, kuma a riƙa yi mata Hausa a gida. Asabe da yaranta suna gaishe ku. Chidinma ma tana gaisuwa, ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri. Tiyon naka yana nan rataye a ƙusa inda ka bar shi, ban kwance ƙullin ba.

Mahaifiyarka,
Hajiya Uwani