Rigar 'Yar Shekara Tara

Zuwa ga maigidana, Baban 'Yartsana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Ina fatan shafa maganin kake yi, ba tura shi ka yi ƙarƙashin katifa ba kamar yadda ka saba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Haƙorin Auta na gaba ya fita, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tsaya ta kalli wawulo kafin a auna ta.

Na rubuto ne saboda minti ukun da kake samu a waya ranar hutunku yara ne ke cinye su, ni sai dai in ji sallamarka.

Saƙonka ya iso, kuɗin da takalman, Allah ya ƙara buɗi. Na Auta ya yi mata cif. Na 'Yartsana kuwa ko yatsunta ba su gama shiga ba. Ta yi ta turawa tana cewa zai buɗe, don kada a ce kyautar babanta ba ta yi ba. Na ɗaga shi kan kabad, Auta za ta gaje shi. Yarinyar da ka bari tana shekara takwas yanzu sha ɗaya take, kanta ya kai haɓata. Kai kaɗai ne har yau kake auna ta da idon ranar da ka tafi.

Sai maganar alkawari. Ka ce in ta zo ta ɗaya a ajinsu a kai ta babban wurin wasan nan na bayan gari, ta hau jirgin da ke hawa sama ya gangaro da mutane suna ihu. To ta zo ta ɗaya. Wata uku tana karatu a gefen kekena, ƙarar ɗinki na cika mata kunne, ba ta taɓa cewa in dakata ba. Hoton jirgin ma ta yanko daga takardar talla ta liƙa a bango saitin filonta.

Jiya na rufe shago na je na tambayo farashi. Kai kuɗin babba ɗaya da yara biyu ka aiko. A wajensu duk wanda ya cika shekara goma babba ne. A ƙofa babba, a gidan abincinsu babba, kuma ba a shiga da abincin waje, har jaka suke zazzagewa. Yarinyar da ni nake tsefe mata kai, wadda ba na barin ta kunna risho sai ina tsaye, ita ce za ta biya daidai da ƙaton da zai tashi da kaza guda shi kaɗai. Na tambayi mai sayar da tikitin ko a gidansu 'yar aji biyar babba ce, ta ce ba ita ta yi dokar ba. Kullum haka ne. Ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda ya yi doka ba, sai masu karɓar kuɗinta.

Ba roƙon ƙari nake yi ba, na san da wane baya kake nemo wanda ka aiko. Ɗinki kuma ya yi ƙasa a watan nan. Amma na tsaya na lura ba sa tambayar takardar haihuwa, da ido suke kallon yaro su yanke. Ido kuwa sana'ata ce. Shekara ashirin ina rage wa mata ƙiba da ƙara musu tsawo da alli da almakashi, ba 'yan ƙofa ne za su gagare ni ba. Ka bar min wannan.

Yara suna gaishe ka. Ka gaida abokan aikinka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Baban 'Yartsana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, bayan kuma ya yi sauƙi. Mu jikinmu lafiya. Zuciyata ce ba lafiya ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Abin da 'Yartsana ta faɗa maka a waya ranar hutunku ba gaskiya ba ne. Ba ta hau jirgin ba. Ina tsaye a gefenta ka tambaye ta ko ta yi ihu, ta ce ta yi har muryarta ta dushe, kai kana ta dariya. Bari in ba ka labarin tun daga fari, don laifin ya sauka inda ya dace.

Riga na ɗinka mata. Na samo yadi ruwan ɗorawa mai hoton agwagi, na ɗaga ƙugun rigar har ƙirji, na cika ta da tattara, na kumbura hannuwa. Na sake ta ƙasa sosai don ta rufe gwiwa, saboda in ta ɗan lanƙwasa ƙafa kada a gani. Na ɗaure mata gashi gida biyu da ribom. Kwana uku muna gwaji a gaban madubin shago: ta sauke kafaɗa, ta rage tsawo, in an tambaye ta ta ce tara. Da fari wasa ta ɗauke shi, ita da Auta suna ta ƙyaƙyatawa. Sau ɗaya ta tambaye ni ko wannan ba ƙarya ba ce. Na ce mata su suka fara ƙaryar da suka kira ta babba. Har daɗin amsar nan na ji, don ka san wace irin uwa ka bar wa 'ya'yanka.

A ƙofa ko kallo na biyu ba su yi mata ba. Suka ɗaura mata awarwaron roba ruwan ɗorawa irin na Auta, ni suka ɗaura min ja. Na shige ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. Aikin hannuna ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba.

Abin da ban tambaya ba, mai awarwaro ruwan ɗorawa ba ya hawa babban jirgin. Sai ɗan shekara goma zuwa sama. Ni na je na tambayo farashi kawai, ban tambayi abin da farashin yake saya ba.

Mun kusa awa guda a layi cikin rana, tana ta ƙirga sau nawa jirgin ya wuce ta kanmu. Da muka iso gaba, ma'aikacin ya kalli hannunta ya tare hanya. Ba mugu ba ne. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce yana ganin kamar ta kai, in ta cika goma mu je ofis mu cika kuɗi a canza mata awarwaro. Sai ya sunkuya ya tambaye ta shekarunta. A jakata babu komai sai kuɗin abinci da na motar komawa. A bayanmu kuma, ban lura ba sai a lokacin, akwai 'yan ajinsu biyu da jan awarwaro a hannu.

Ta ɗago ta kalle ni. Baban 'Yartsana, ni kuwa na kalli ƙasa. Na ji ta da ƙaramar murya ta ce tara.

'Yan ajin nan suka kwashe da dariya. Sun san ta, ita ce ke tsayawa a gaban allo tana yi musu lissafi. Ga ta nan cikin rigar agwagi da ribom, gwiwa a lanƙwashe. Muka fita daga layin ta gefen igiya, mutane suna matsa mana.

Na ja su gidan abinci, wai ko ci zai wanke wani abu. Can ma awarwaro suke dubawa. Suka kawo mata farantin yara: soyayyen dankali da za ka iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya, da wata 'yar tsokar kaza. Mai kawo abincin ya ɗora mata hular takarda a ka, ya ba ta balan-balan, ya ce yarinya mai kyau. Ta ce ta gode. Na tura mata farantina, ta ce ta ƙoshi. Yarinyar da tun shayin safe ba ta sa komai a ciki ba.

Sauran yinin a wurin dawakin katako ta ƙare shi, tana riƙe da Auta kada ta faɗo. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. A mota ta ce min kada in gaya maka, kai ka sha wahala ka aiko kuɗin, a bar ka ka ji daɗi. Da muka iso gida ta ninke rigar da kyau ta ajiye min a kan keke, ta cire hoton jirgin daga bango.

Ina jin haushin mutanen nan har cikin ƙashina. Sun zauna a ofis sun ja layi a kan shekara goma, suka bar iyaye irina su zaɓa tsakanin aljihu da fuskar 'ya'yansu. Amma ba su suka zauna a kan keke suka ɗinka rigar ba.

Ka yi min addu'a. Auta na gaishe ka, ita dai ta ji daɗin ranarta.

Matarka,
Maman Auta

*

Zuwa ga baban yarana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya da sauƙin aiki. Takardarka ta iso tare da abin da ka ƙaro, na gode. Ka ce abin bai kai ya kawo ba, yara suna mantuwa, in sake kai ta da jan awarwaro shi ke nan. Daga nesa komai ƙarami ne. Na yi mata tayin komawa, ta ce ita ba ta son jirgi, dama can tsoronsa take ji. Wata ƙaryar ke nan kuma da ta yi don ta sauƙaƙa mana, kuma ta iya, don a hannun gwana ta koya.

A makaranta yanzu 'Yar Tara suke kiran ta. Malamarsu ta ce ta daina ɗaga hannu a aji, ta koma kujerar baya. Tafiyarta ma ta canza, kafaɗa a sauke, kai a ƙasa. In na ce ta miƙe sai ta miƙe, ina juya baya ta koma.

Abincinta ne ban lura da shi da wuri ba, kuma wannan ba zan yafe wa kaina ba. Ina kan keke, ina ganin faranti ya dawo wayam ina cewa madalla. Ashe rabi take juye wa Auta. Ni har ina yabon kumatun Auta.

Ranar Litinin ta yanke jiki ta faɗi a layin safe na makaranta. Aka aiko, na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na ruga. Kada hankalinka ya tashi, ta farfaɗo, yanzu haka tana zaune a gefena tana tsinke min zare. A asibiti suka ce yunwa ce da ƙarancin jini. Nas ɗin ta ɗauko takarda za ta rubuta magani, ta tambayi shekarunta don ta san yawan da za a ba ta. Kafin in buɗe baki yarinyar nan ta ce tara. Da sauri ta faɗa, ba ko gargada, har nas ta fara rubutawa.

Na ce sha ɗaya ne. Nas ta ajiye biro ta yi mata faɗa, ta ce ba a wasa da shekaru a asibiti, ƙarya a nan tana iya kashe mutum, wa ya koya mata wannan hali. Ina tsaye a wurin da jakata a hannu. Yarinyar ba ta kalli nas ba, ni take kallo, tana neman ta gane inda ta yi kuskure, tunda abin da na koya mata ta yi.

A hanyar gida ta tambaye ni ko yanzu maganin zai fi tsada saboda ita. Na ce a'a. Muka yi 'yar tafiya, sai ta ce in yi haƙuri, ba da gangan take yin tsawo ba, tana ƙoƙari ta rage. A bakin titi na tsuguna, ban damu da masu wucewa ba. Na gaya mata ni ce na yi laifi, na roƙe ta gafara. Ta ce ba komai, da irin muryar da ta ce wa wanda ya ɗora mata hular takarda ta gode. Ba ta yarda da ni ba, kuma tana da gaskiya. Bakin da ya ce mata ta rage tsawo ba shi zai ce ta miƙe ta saurara ba.

Shi ya sa nake roƙon ka abu biyu, kuma babu kuɗi a ciki. Na farko, ka daina kiran ta 'Yartsana. Na san da ƙauna kake faɗa, amma ita ji take yi ƙaramar ce kake so, wadda ka bari, mai arha. Na biyu, ka nemi hutu ka zo, ko na mako guda ne, ko za su yanke albashi. Ina da nawa haushin a kanka, na shekara uku da takalman da ba sa shiga, amma wannan zai jira. Tana bukatar wanda bai taɓa ce mata ta sunkuya ba ya tsaya a gabanta ya ga girmanta ya yi murna.

Za ka ga zare fari a naɗe cikin takardar nan, kada ka yar. Tsawonta ne daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, yau da safe na auna na yanke. Ka warware shi a jikin bangon ɗakinka ka ga inda 'yarka ta kai. Sau uku ina aunawa yana fitowa gajere, sai da na sa hannu na danne mata gwiwa kafin na samu na gaskiya.

Ina jiran ranar zuwanka. Allah ya tsare min kai.

Ni ce,
Maman yaranka