Yayana ya sa aka tsare ni a iyaka har Inna ta rasu

Assalamu alaikum admin da 'yan gurup, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin da nake shirin yi na san ba shi da kyau, amma zuciyata ta ƙi sanyi.

Ni haihuwar Zinder ce, a Birni na tashi, aure ya kai ni Beljiyam, can nake aikin jinya har na samu takardar ƙasar. Fasfona na Nijar ya mutu da daɗewa ban sabunta ba, to da aka ce jikin Inna, mahaifiyata, ya yi tsanani sai na nemi biza a gaggauce da fasfon can na taho. A gidan Yayana na same ta, shi ne babbanmu, fiton kaya yake yi tsakanin Kano da Damagaram, ba abin da bai sani ba na harkar iyaka. Da na ɗaga ta zan gyara mata shimfiɗa na ga bayanta duk gyambo saboda ba a juya ta. Raina ya ɓaci, na faɗa masa magana a gaban baƙi, na ce zan ɗauke ta in kama mana gida tunda ya kasa. Na yarda ban kyauta ba wajen faɗa a gaban mutane.

Bayan kwana uku likita ya rubuta odonansi, wato takardar magani, akwai wata allura da muka zaga farmasi ba mu samu ba. Yaya ya ce akwai ta a Kano, ni ya kamata in je tunda ni na san magani, kar a sayar masa da jabu. Na ce to bizata fa? Ya karɓi fasfon ya duba, ya ce ai wanda aka haifa a ƙasar nan ba ruwansa da biza in ta mota zai dawo, Hausata kaɗai ta ishe ni. Kafin in fita Inna ta riƙe hannuna ta ce, "In ta Allah ta kasance ke za ki yi min wanka, ban yarda da hannun kowa ba." Na ce ta daina wannan maganar, gobe ina nan.

Na samu allurar, washegari na iso iyaka ta wajen Matamaye, ɗan sanda ya buɗe fasfo ya ce madam bizarki shiga ɗaya ce, ranar da kika fita ta ƙare. Ya yi min bayani da mutunci, ya ce sassaucin shiga ba biza na mai takardun Nijar ne ko na ƙasashen da ke da yarjejeniya, fasfon da ke hannuna ba ya ciki. Ya ce in wani zai kawo takardar zama ɗan ƙasa tawa ta Nijar zai kai wa shugabansu ya duba. Takardar tana cikin akwatin Inna, a gidan Yaya. Na kira shi ya ce yana nema, daga baya wayar ta daina shiga. Na ba wani direba allurar, na koma Kano neman sabuwar biza, ga shi abin ya faɗo a ƙarshen mako. Kwana huɗu na yi. A kwana na ukun Inna ta cika, maƙwabciya ce ta yi mata wanka.

Da na ɗauka ƙaddara ce kawai. Ranar addu'ar bakwai matar Yaya ta ja ni kicin tana kuka, ta ce ba za ta iya riƙewa ba, ta ji shi a waya yana dariya yana cewa bari Baturiya ta sha rana a iyaka ta san nan ba Beljiyam ba ne, takardar kuma tana aljihunsa tun ranar. Da na tare shi bai musa ba, cewa ya yi kwana ɗaya ya so in yi in koyi ladabi, shi bai san Inna za ta tafi ba, kuma ajali ba ya hannunsa. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Yanzu shekara ta zagayo, idonsa na mutuwa, likitoci sun ce sai an yi masa aiki a waje. Bai iya kirana ba, matarsa ya sa ta roƙe ni in yi masa takardar masauki don ya samu biza. Na ce to. Abin da na ƙudurta shi ne in yi masa komai, in bar shi ya hau jirgi, sannan in sanar da hukuma na janye, in kashe wayata. Ina so ya tsaya a gaban teburin jami'an shige da fice na Beljiyam da fasfo a hannu, yana kiran lambata tana ƙin shiga. Wallahi in na tuna haka har daɗi nake ji, wannan ne ma yake ba ni tsoro.

Mijina ya ce in ba zan taimaka ba in ce a'a tun yanzu, kar in yaudare shi. Amma a'a ba ta ishe ni ba. Ga kuma matarsa da ta faɗa min gaskiya, in ya makance ita za ta ja masa sanda.

Jama'a takardar tana gabana, sa hannu kaɗai ya rage. In sa in rama, in ƙi sawa, ko in taimaki mutumin da har yau bai ce min yi haƙuri ba? Wanda bai taɓa rasa uwa ba don Allah kar ya yi saurin ce min in yafe.