Shanun Hamidu Nawa Ne?

Litinin, 9 ga Janairu 1961
Na tashi daga lakol, makarantar da nake koyarwa, na tarar da Hamidu makiyayi a ƙofar gida. Tafkin rugarsu ya ƙafe, yana so ya ƙetare iyaka da shanu zuwa ƙasar Katsina. An ce masa tun da aka sami 'yancin kai sai da takardar Ingilishi zuwa ga malamin dabbobi na can. Ni Faransanci na karanta. Ingilishin ɗan tsinta ne, wajen Chindo ƙanin matata Dije, wanda ya yi makaranta a Katsina yake ganin shi ya haifi harshen. Wai ni zan rubuta, shi Chindo ya duba, ta haka ake koyo.

Talata, 10
Takardar ta tsaya a layi na biyu: shanu nawa ne? Hamidu ya ce, "Malam Hashimu, suna nan dai, alhamdu lillahi." Na sake tambaya, ya shiga jero mini sunayensu da na iyayensu. Wai dukiya ba a faɗin yawanta, baki ke kama ta. Haba! A wannan zamani?

Chindo kuma da nasa ciwon kan. Wai a Ingilishi daga ɗaya zuwa tara da kalmomi ake rubutawa, daga goma lamba, kuma lamba ba ta buɗe jimla. Na ce bari a samo lambar tukuna, sarkin sani.

Laraba, 11
Hamidu bai faɗi yawansu ba. Yau har rijiyar gari aka hana shanun sha. Duk ƙashin haƙarƙarinsu ya fito.

Alhamis, 12
Ba lakol. Na hau keke har ruga da sassafe, na tsaya bakin garke na ƙirga da yatsa, da ƙarfi ma, don a ga ba abin da zai faru. 43. Jaye matar Hamidu ta aje ƙwaryar tatsa ta ce, "Malam, mi munka yi maka?" Ko nono ba ta ba ni ba.

Na dawo na fara jimla da 43 ɗin. Chindo ya ja jan layi. Na mai da ita kalmomi a tsakiya, ya sake jan layi, wai ta wuce tara. Saura kaɗan in jefe shi da kwalbar tawada. Daga ƙarshe na sa lambar a tsakiya, na aika wa Hamidu takardar.

Asabar, 14
Wata jar karsana a garken Hamidu ta mutu jiya. Wadda Hamidu ya ba 'yarsa ranar suna.

Ƙishirwa ce da yunwa, kowa ya sani. Tun kafin in je take tangaɗi. Ni na san haka.

Lahadi, 15
Hamidu ya zo. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya zauna ya miƙo takardar, ya ɗora yatsa kan lambar, don lamba kam ya san ta tun wajen allurar shanu. Ya ce, "Malam, a gyara. Ta ragu."

Na sake sabuwa, na rubuta yawan da kalmomin Ingilishi, dogaye, ba lamba ko ɗaya. Chindo ya ɗauko jan alƙalaminsa: "Yaya, ƙa'ida hwa?" Na ce ya taɓa ta ya ga yadda ake kwana a waje. Hamidu ya bi layukan da ido bai ga komai ba, ya ninke ya sa cikin hula.

Laraba, 18
Sun ƙetare jiya. Wani ɗan garin Gazawa da ya dawo daga iyaka ya ce malamin dabbobi ya karanta ya buga hatimi, ko ɗaga kai bai yi ba. Ga ƙa'idar Chindo nan.

Sufeton lakol ya zo daga Maraɗi. Ana cikin hira ya tambaye ni 'ya'yana nawa a gida. Ƙaramin yana ta tari tun shekaranjiya. Na ce suna nan dai, alhamdu lillahi.