Adasar da Ba Ta Jawo Nesa

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025, unguwar Hajj Yusuf

Malam Sharfuddeen, limamin unguwa, ya zo bayan la'asar. Za a kwashe waɗanda aka binne a filin ƙwallo lokacin da harbi ya hana kai gawa maƙabarta. Yana so in ɗauki kowane kabari da allonsa kafin a haƙa, a wanke hotunan a manna a masallaci, masu dawowa su san inda aka kai nasu. An gwada da waya, sunayen ba su fito ba. "Ya Ikhlas, ke ce mai hoton unguwar nan."

Mai hoton amare ce ni, Malam. A raina na faɗa.

Mijina Sabitu yana cikin filin nan. Maza suka kai shi ina ɗaki, daga baya ni da Iya mahaifiyarsa muka gudu Gadarif. Tun dawowarmu ta bayan gidan burodi nake zagawa. Ban taɓa bi ta filin ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Kyamarar ta tsira a ƙasan akwatin Iya. Adasar ce babu, idon da ake ɗaura mata, ta tafi tare da duk abin da ke shagona. Makauniyar kyamara a gidan tsohuwa mai yanar ido. Mun dace.

Kwanon shana mai shuɗin baki ma ya ɓace. Ɓarayin yaƙi sun bar shi, na zaman lafiya sun ɗauke.

Talata, 7 ga Oktoba

Na tsallaka Omdurman wurin Mainasara mai sayar da kayan kyamara. Shagonsa na Kasuwar Libiya ya ƙone, yanzu tebur yake kasawa a bakin titi, amma bakin nan nasa wuta ba ta taɓa shi ba.

Adasa biyu ya ajiye min. Ɗaya zum ce tsohuwa, mai jawo nesa kusa, irin wadda na saba. Injinta ya mutu, da hannu ake saitawa, akwai yashi a ciki. Na tambayi inda ya samo ta, sai ya kama gyaran tebur. Wata mata irina tana can tana kukan ta.

Ɗayar sabuwa ce, 'yar China mai lamba hamsin, roba ce har gindinta, nauyinta bai kai na wayata ba. Tana saita kanta. Amma ba ta jawowa.

"Ya ustaza, ƙafarki ce zum ɗin. Kina son kusa, ki taka."

Zum ɗin na fara ɗauka, abin da zuciyata ke so ke nan: in tsaya bakin titi in gama aikina. Na ɗaga, na nemi rubutun shagon tsallake. Hannuna ya fara rawa. Tun ranar da bam ya faɗa gidan maƙwabta yake wannan rawa, na ɗauka ya bari. Na murɗa gaba, na murɗa baya, rubutun ya ƙi tsayawa. Mainasara ya kau da kai, Allah ya saka masa.

Na biya ta robar. Ya ce in ba ta yi min ba in dawo da ita kafin Juma'ar sama.

Laraba, 8 ga Oktoba

Gwaji a tsakar gida. A rana tana da kaifi, har zaren tabarma ana ƙirgawa. A ɗaki kuwa sai ta yi ta lalube, gaba, baya. In na buɗe ta duka gefen hoton ya yi laushi. Araha ba ta ado.

Ga ƙara in tana saita kanta. Ziii, ziii. Iya tana alwala ta saki buta ta dafe bango: "Musayyara!" Ta ɗauka jirgin nan ne mara matuƙi ya dawo. Na daɗe ina rantse mata. Na ji kunya, na tsani abar.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na fara daga gefen gabas, nesa da shi. Malam ya ce kabarin Sabitu yana kusa da ragar yamma. Allunan guntayen ƙofofi ne da kwano, an rubuta da fenti, wasu rana ta cinye. Dole in matsa har inuwata ta hau kabarin. Da zum da ban ga takalmin yaro da aka ajiye a kan ɗaya ba.

Ban ci abinci ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na roƙi Malam ya ɗauki na Sabitu da wayarsa. Ashe Iya tana ji daga ɗaki. "Baƙo zai ɗauki ɗana kina raye? In sunan bai fito ba a zuba shi cikin waɗanda ba a sani ba?"

Asabar za a fara haƙa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Shi kaɗai ya rage. Na tsaya daga nesa na danna. Adasar ta kama ƙarfen raga da ke baya, allon ya fito kamar hayaƙi. Na sake, ta kama ciyawa. Na zage ta da babbar murya a gaban matattu, Allah ya yafe min.

Sai na taka. Na sake takawa. Sunan ya fara fitowa. Allon guntun ƙofar kicin ɗinmu ne, koren fentin da ni na zaɓa, shi yana cewa ya yi kama da na asibiti. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na matsa har ta ƙi saitawa gaba ɗaya, ziii, ziii, don ita ma tana da iyakarta, in an yi kusa da yawa ba ta gani. Dole na ja baya kamar kamu ɗaya. Ta kama. Sunansa da na mahaifinsa, tsaf.

A gindin allon ga kwanona mai shuɗin baki, da sauran ruwa a ciki, da ƙwayoyin dawa da ake zuba wa tsuntsaye a kan kabari. Duk Juma'a Iya takan ce za ta gaida maƙwabciya. Da sanda, da idon nan nata, ita kaɗai, ta tsallaka kwata da titi. Ni mai ido biyu ina zagawa ta gidan burodi.

Na yi kukan da ban yi a takaba ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Yau ce ranar mayar wa Mainasara. Ban je ba. Omdurman da nisa, ga wahalar mota, kuma da babu gara ba daɗi.

Iya ta ɗauki sanda ta ce za ta gaida maƙwabciya. Na ce ta ba ni butar in riƙe mata, hanyar akwai ramuka. Ta miƙo.

Kyamarar tana wuyana har muka dawo. Ban cire murfin ba.